Shekara Shida Ana Yi Mini Maganin Sanyi

Na fara ganin jinin al'ada ina da shekara 14, kuma tun daga wannan shekarar bai taɓa zuwa mini a kan ƙa'ida ba. Wani lokaci sai in yi wata uku, wani lokaci huɗu, ban yi fashin salla ko na yini ɗaya ba, sannan idan ya zo ya ƙi ɗaukewa har in haura mako biyu ina fama. Ina tuna wani watan azumi a makarantar kwana da na kai 30 cif ban sha ko ɗaya ba, 'yan ɗakinmu suna cewa na huta, ba ni da ramuwa. Da na gaya wa mahaifiyata a lokacin hutu, sai ta ce, "Kada ki damu, haka wasu matan suke, da kin yi aure zai daidaita." Ba sakaci ne ya sa ta faɗi haka ba. Abin da aka gaya mata ke nan, kuma shi aka gaya wa wadda ta gaya mata.

Akwai wasu alamomin da ban taɓa haɗa su da batun al'ada ba. Tun ina aji biyar a makarantar kwana gashi ya fara tsiro mini a haɓa, mai kauri irin na maza, ina tsige shi a ɓoye da asuba kafin kowa ya tashi. Ƙuraje ba sa barin fuskata, ƙiba kuma tana taruwa a cikina ko da ban ci abin kirki ba. Bayan wuyana ya yi baƙi ya yi kauri, na sha dirza shi da soso da sabulun salo har ya yi rauni, domin wata gwaggona ta taɓa ce mini a gaban mutane budurwa ba ta barin dauɗa a wuya. Daga baya na shiga jami'a na karanta kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, aka koya mana sunayen sinadaran da ke tafiyar da haihuwa da yadda ake auna su a jini, amma darasi ne na jarrabawa, ba wanda ya kawo mana shi a siffar mace mai rai, ni kuma kunya ba ta bar ni na ce ga abin da nake gani a jikina ba.

An ɗaura mini aure ina da shekara 24. Cikin watannin farko al'ada ta ɗauke kamar yadda ta saba, sai dai a wannan karon akwai masu lissafi tare da ni. Uwar maigidana, wadda muke kira Hajiya, ta lura wata uku ina salla ba fashi, sai ta fara aiko mini da kunun tsamiya, ta kuma hana ni ɗaukar bokitin ruwa. Na yi gwajin fitsari sau uku da hannuna a wurin aiki, duka ukun layi ɗaya suka nuna. Na kasa faɗa mata da bakina, sai na aika ƙanwar maigidan. Da yamma ta zo da kanta, ta zauna a bakin gado ta ce, "'Yata, ba komai na'ura ke gani ba. Cikin ne ya kwanta, zai tashi da yardar Allah." Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san zancen kwantaccen ciki. Na san ilimin da na karanta bai yarda da shi ba, amma na so maganar ta zama gaskiya har na sha jiƙon da aka kawo don a tayar da shi. A wata na biyar jini ya ɓalle mini gudaji-gudaji, ya yi kwana 19, aka ce ɓari na yi, mata suka yi ta zuwa jaje. Yau na san babu ciki a wurin. Shimfiɗar cikin mahaifa ce ta yi ta kauri wata da watanni saboda ƙwai bai fita ba, har ta kasa riƙe kanta ta zube.

Daga nan aka shiga neman magani, kuma kusan duk inda na je kalma ɗaya nake ji, wato sanyi. Mai maganin gargajiya ya ce sanyi ne ya yi mini yawa, mai kemis ya ce sanyi ne, wani ƙaramin asibitin kuɗi ma sanyi ya ce, ya rubuta mini allurai na mako guda ba tare da ya tambaye ni sau nawa nake ganin al'ada a shekara ba. Na sha sassaƙe, na yi tsuguno, na sha magungunan kashe ƙwayoyin cuta kala-kala har cikina ya lalace. Wata maƙwabciya ta ba ni sunan Clomid, maganin da ke sa mace sakin ƙwai, ta ce 'yar'uwarta ta sha ta haifi tagwaye, sai na saye shi a kemis na yi ta sha wata bayan wata, babu likita, babu hoto, ban san ko yana sa ni sakin ƙwai ko ba ya yi ba, ban kuma san cewa masana ba sa son a wuce zagaye shida da shi ba. 'Yan kunnen zinaren da aka sa mini a lefe a wannan hanyar suka tafi. Addu'a ce kaɗai abin da ban yi nadamarsa ba a waɗannan shekaru, musamman addu'ar Annabi Zakariyya da nake maimaitawa a sujada.

A shekara ta huɗu maigidana ya ƙara aure. Ya daure wa surutun dangi iya ƙarfinsa, kuma ya sanar da ni da kansa cikin mutunci. Kafin shekara ta zagayo amarya ta haifi namiji. Ni na tsaya a kan tukunya ranar suna, kuma a nan ne, ina kwashe tuwo, na ji wata murya a bayan katanga tana cewa ai yanzu an gane inda matsalar take, uwargidan juya ce. Na gama kwashe tuwon, na shiga ɗaki na rufe ƙofa.

A shekara ta shida wata abokiyar aikina ta matsa mini har na karɓi kati a sashen mata na wani asibitin koyarwa. Likitar da na samu dattijuwa ce, ƙwararriya a fannin haihuwa, kuma abu na farko da ya bambanta ta da duk waɗanda na gani a baya shi ne tambaya. Ta tambaye ni shekarar da na fara al'ada, da tazarar da ke tsakanin wata da wata, da ko akwai mai ciwon suga a gidanmu, na ce mahaifina da yayarsa. Ta ce in sassauta mayafina, ta duba haɓata, ta juya ni ta duba bayan wuyana, ta sa yatsa a wurin nan da na shekara goma ina dirza, ta ce, "Malama, wannan ba dauɗa ba ce." Sannan ta kai ni ɗakin hoto. Ta juyo da fuskar na'urar wajena ta nuna mini ma'ajiyar ƙwai ta dama, ga ƙananan ɗigo baƙaƙe sun jeru a gefenta kamar tsakiyar da aka zura a zare, ta ƙirga su da ƙarfi ina ji har ta wuce 20, ta koma ta hagu ta tarar da kusan haka. Bayan sakamakon jini ya fito, ta tabbatar ba matsalar maƙoƙo ba ce, ba kuma yawan sinadarin ruwan nono ba ne, sai ta rubuta haruffa huɗu a takarda ta miƙo mini: PCOS, taƙaitaccen sunan ciwon da Turanci.

Ta yi mini bayani da Hausa tsantsa, kuma tun daga ranar irin bayaninta nake yi wa mata. Kowace mace da ƙwayayenta ake haihuwarta. Tana cikin uwa a wata na biyar tana da kimanin miliyan 6 zuwa 7, ranar haihuwa sun ragu zuwa miliyan 1 ko 2, lokacin balaga saura dubu 300 zuwa 400, kuma a cikinsu kusan 400 ne kawai za su nuna su fita a tsawon rayuwarta. Kowane wata wasu 'yan jakunkuna masu ɗauke da ƙwai sukan fara girma, ɗaya ta wuce sauran ta kai kusan santimita biyu, sannan ta fashe ta saki ƙwan. A jikin mace irina jakunkuna da yawa ne ke farawa, amma babu wadda ke kaiwa, sai su tsaya ƙanana su jeru kamar yadda na gani. Abin da ya fi tsayar da su shi ne yawan sinadarin maza, wanda shi ne ke kawo gashin haɓa da ƙuraje, kuma a mata da yawa abin da ke ingiza shi shi ne jiki ba ya jin insulin, wato sinadarin da ke daidaita sukari a jini, yadda ya kamata, sai insulin ɗin ya yi yawa a jini. Baƙin wuya alamar wannan ne. Ta ja kunnena cewa waɗannan ɗigon ba ƙari ba ne, ba kumburin da za a yanke ba ne, domin mata da yawa ana ce musu suna da ƙari a ƙwan mahaifa su koma gida cikin firgici. "Ƙwanki bai ƙare ba," in ji ta, "yawa ma ya yi. Fita ce ba ya yi."

Abin da ya fi taɓa ni shi ne jin cewa ciwon yana da tarihi. Likitoci biyu a birnin Shikago na Amurka, Irving Stein da Michael Leventhal, su suka bayyana shi a 1935, bayan sun lura da mata bakwai masu ɗaukewar al'ada da rashin haihuwa da manyan ma'ajiyar ƙwai. A 2003 masana suka taru a Rotadam ta ƙasar Holand suka amince cewa idan mace ta haɗa biyu daga cikin alamomi uku, wato rashin sakin ƙwai a kan lokaci, da yawan sinadarin maza, da wannan siffa a hoto, to tana da shi, muddin an kore sauran cututtukan da ke kama da shi. Ni duka ukun nake da su tun ina makarantar kwana. Na fito daga ɗakin ina kuka, kuma ba kukan baƙin ciki ba ne kaɗai, domin a karo na farko an raba ni da laifi. Abin da ake kira ƙazanta, da rashin kamun baki, da juyanci, ashe abu ɗaya ne mai suna, wanda aka rubuta tun kafin a haifi mahaifiyata.

Ba ta fara magani ba sai da ta nemi abu biyu. Na farko, maigida ya kawo maniyyinsa a gwada. Ya ce ai ga ɗansa yana rarrafe, ta amsa masa da ladabi cewa, "Alhaji, haihuwar bara ba ta zama shaidar bana ba, zazzaɓi ko wani ciwo yana iya canza abin, kuma a cikin ma'auratan da ke zuwa mana kusan rabi akwai hannun namiji a matsalar." Ya yi, aka tarar lafiya lau. Na biyu, a ɗauki hoton bututun mahaifata da ruwan rini don a ga ko a buɗe suke. A nan ya kamata in yi wa masu zancen sanyi adalci, domin maganarsu tana da tushe. Wani babban nazari na Hukumar Lafiya ta Duniya da aka buga a 1985 ya nuna cewa a tsakanin matan Afirka da ke neman haihuwa, mafi yawan matsalolin da aka gano daga kamuwa da ƙwayoyin cuta suka samo asali, kuma toshewar bututu ta fi yawa a nan nesa ba kusa ba idan aka kwatanta da ƙasashen Turai. Ciwon da ake ɗauka ta saduwa, da wanda ke biyo bayan haihuwa ko ɓari a wuri marar tsabta, suna toshe mata da gaske. Kuskuren shi ne a mayar da kalma ɗaya amsar kowace mace ba tare da an duba ba. Nawa bututun a buɗe suke duka biyun.

Ta ɗora ni a kan metfomin, maganin suga da ke taimaka wa jiki jin insulin, ta ce in rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyina. Na daina lemon kwalba, na rage sukari a shayi da yawan tuwo da shinkafa, na riƙa zagaya tsakar gida bayan sallar asuba har rana ta fito, kuma cikin wata biyar na sauke kilo shida. Sannan ta rubuta mini letirozol don ya sa ƙwai ya nuna ya fita. Mai sayar da maganin ya dubi takardar ya dube ni ya ce, "Hajiya, wannan fa maganin sankarar mama ne." Na koma wurin likita a tsorace. Maimakon ta yi fushi, sai ta buɗe aljihun teburinta ta ɗauko wasu takardu da aka ɗinke ta ce, "Ke ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce, je ki karanta da kanki." Rahoton wani gwaji ne da Richard Legro da abokan aikinsa suka buga a Amurka a 2014. Sun ɗauki mata 750 masu irin ciwona suka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu aka ba su kulomifin, wato Clomid ɗin da na sha, wasu letirozol, har zagaye biyar, ba tare da matan ko likitocinsu sun san wanne ake ba wa ba. A ƙarshe kashi 27.5 cikin 100 na masu letirozol suka haihu, masu kulomifin kuma kashi 19.1. Gaskiya ne don sankarar mama aka ƙirƙiro maganin, amma rage sinadarin mata da yake yi na 'yan kwanaki shi ke sa ƙwaƙwalwa ta ƙara turo saƙon da ke nunar da ƙwai.

Na karanta takardun nan sau uku a daren, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne matan. Mata 750 da ban sani ba, a wata ƙasa mai nisa, sun yarda a ba su magani ba su san wanne ba ne, an yi ta ɗibar jininsu ana auna su, mafi yawansu ma sun gama ba su samu haihuwar ba, amma saboda su likitata ta san abin da za ta rubuta mini ba da ka ba.

Zagayen farko ƙwan bai motsa ba. Aka ninka maganin, na sha kwana biyar daga rana ta uku ta al'ada, na riƙa zuwa hoto. Ranar 12 aka ga jaka ɗaya ta kai milimita 14, ranar 14 ta kai 19, ita kaɗai, baƙa, zagayayya, ta tsere wa sauran. Ban taɓa ganin abin da ya yi mini kyau a fuskar na'ura kamarta ba. A zagaye na uku gwajin fitsari ya nuna layi biyu, amma a mako na tara cikin ya zube. Wannan ne ɓarina na gaskiya, kuma shi ne wanda ba a zo mini jaje sosai ba, domin mutane sun ɗauka na saba. Bayan hutun wasu watanni muka koma, Allah Ya sake ba ni, aka yi ta bibiyar sukarin jinina saboda masu PCOS sun fi saurin kamuwa da sugan ciki, kuma a shekara ta takwas da aurena na haifi 'ya mace. Hajiya ce ta yi mata wankan farko.

Haihuwar ba ta raba ni da ciwon ba, don ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi, kuma har yau ina auna sukarina duk shekara, ba na kuma barin al'ada ta wuce kwana 90 ba ta zo ba sai na ga likita, saboda kaurin shimfiɗar mahaifa idan ya daɗe yana iya rikiɗewa ya zama mugun abu. Amma tambayar da ta hana ni sakat wata ce daban. A wurin aiki ina buga sakamakon mata, a gefen kowace lamba akwai iyakar da aka ce ita ce daidai, sai na fara tambayar kaina a jikin su wa aka samo wannan daidai ɗin. Ma'aunin da ake ƙiyasta yawan gashin jikin mace da shi, na Ferriman da Gallwey, a kan matan Landan aka gina shi a 1961. Akwai kuma sinadarin da ake kira AMH, wanda ƙananan jakunkunan ƙwai ke fitarwa, yana yawa a masu PCOS, yana raguwa idan ƙwai ya kusa ƙarewa. Ƙa'idojin duniya na 2023, waɗanda Jami'ar Monash ta Ostireliya ta jagoranci tsarawa, sun amince a yi amfani da shi a madadin hoto ga mata manya, amma sun ce iyakarsa ta dogara da al'ummar da ake aunawa da irin na'urar da aka yi aiki da ita. Wannan babban al'amari ne a wurinmu, domin akwai garuruwan da babu ƙwararren mai hoto, akwai kuma matan da ba za su yarda da hoton da ake yi ta gaba ba, alhali jini ana iya ɗiba a ko'ina a aika. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum ɗaya cikin shida yana fuskantar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma har kashi 70 cikin 100 na masu PCOS ba a taɓa gano suna da shi ba. Na san yadda ake zama a cikin wannan kashi 70. Da na koma digiri na biyu, na roƙi likitar nan ta zama ɗaya daga cikin masu duba aikina, na zaɓi in auna AMH a matanmu, masu ciwon da marasa shi.

Kwamitin ɗa'ar bincike ya riƙe takardata wata huɗu, ya dawo da ita sau biyu, kuma gyaran da ya fi nacewa a kai shi ne takardar amincewa, cewa dole a rubuta ta da Hausar da kowa zai gane, a karanta wa wadda ba ta karatu a gaban shaida, a kuma faɗa mata ƙarara cewa idan ta ƙi ba abin da zai ragu daga kulawar da ake ba ta. A lokacin na ƙosa, amma da na fara zama da mata na gane hikimar. Mutanenmu ba su manta da abin da ya faru a Kano a 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da aka gwada wani magani a kan yara kimanin 200, rigimar ko an nemi yardar iyayensu ta kai har kotu. Ba su kuma manta da jita-jitar 2003 ba, cewa rigakafin shan-inna yana hana haihuwa. Saboda haka idan mace ta ce mini, "Me za ki yi da jinina?" ba na ɗaukar tambayar a matsayin jahilci. Nakan nuna mata 'yar kwalbar, in ce mililita biyar ne, cikin ƙaramin cokali ɗaya, in gaya mata lamba za a rubuta a jiki ba sunanta ba, kuma duk ranar da ta ce a zubar za a zubar. Wasu sukan ce sai sun tambayi maigida, kuma da yawa ba sa dawowa. Waɗanda suka fi saurin yarda su ne waɗanda na ɗaga mayafina na nuna musu wuyana.

Wahalar aikin kuwa ba a magana. Sinadaran gwajin daga waje ake sayo su da dala, farashinsu ya ninka tsakanin ranar da na rubuta kasafi da ranar da kuɗin suka zo. Wani ƙarshen mako wuta ta ɗauke, man injin ya ƙare, ranar Litinin na buɗe firiza na tarar ruwan jinin da na tara na wata biyu ya narke. Da an sake daskarar da shi ba wanda zai sani, amma lambar da za ta fito ba za a amince da ita ba, kuma amanar matan da suka miƙo hannu ce. Na zubar, na rubuta a littafin aiki, na sake farawa. Sakamakon binciken yana hannun masu tantancewa yanzu, kuma ba zan faɗe shi ba kafin su gama, domin lambar da ba a tantance ba idan ta shiga bakin mutane ba ta dawowa.

Akwai abin da nake so in faɗa da babbar murya game da wannan gwaji da nake aiki a kansa. Na ga ana tallarsa a matsayin gwajin da zai gaya wa mace ko za ta haihu, ana karɓar kuɗi masu yawa, 'yan mata suna fitowa da takarda suna kuka. AMH yawan ƙwai yake nunawa, ba ingancinsa ba. Wani nazari da aka buga a Amurka a 2017, a kan mata masu shekara 30 zuwa 44 da ba su da tarihin rashin haihuwa, ya gano cewa masu ƙarancinsa ba su gaza sauran wajen samun ciki ba. Amfaninsa yana wurin likita, tare da tarihin mace da shekarunta da sauran gwaje-gwaje. Duk wanda ya yanke wa mace hukunci da wannan lamba ita kaɗai ya zalunce ta.

Ba kowace mace da ta zauna a gabana ta tashi da irin labarina ba. Akwai wata baiwar Allah mai shekara 29, daga wani ƙauye mai nisan awa biyu a mota, wadda al'adarta ta ɗauke shekara ɗaya da rabi, ita ma an ce mata cikin ne ya kwanta. Na ɗauka irina ce, har na fara ba ta ƙwarin gwiwa. Sai ta ce zafi yana taso mata daga ƙirji zuwa fuska da dare har ta jiƙa zane da gumi. Da sakamakonta ya fito, AMH ɗinta ya yi ƙasa har na'ura ta kusa kasa karantawa, saƙon da ƙwaƙwalwa ke turowa kuma ya yi sama ƙwarai, aka maimaita bayan wata ɗaya aka tarar haka. Ma'ajiyar ƙwanta ta gaza tun kafin shekara 40. Likita ce ta sanar da ita, ina zaune a gefe. Ta gaya mata cewa ƙalilan daga cikin masu wannan hali sukan samu ciki ba zato, amma babu maganin da aka tabbatar yana dawo da ƙwan da ya ƙare, kuma karɓar ƙwan wata mace, wanda ake yi a wasu wurare, jumhurun malamanmu ba su halatta shi ba. Ta kuma nace mata da ta riƙa shan sinadarin mata har zuwa shekarun da al'ada ke ɗaukewa bisa ɗabi'a, don kare ƙashinta da zuciyarta. Matar ba ta yi kuka ba. Ta ɗaure takardar a bakin zanenta ta ce za ta gaya wa mijinta da kanta.

A makonnin da suka biyo baya na karanta duk abin da na samu a kan irin halinta. Na karanta yadda a Beljiyam aka fara samun haihuwa a 2004 bayan an mayar wa mace da yankin ma'ajiyar ƙwanta da aka daskarar, da labarin wata 'yar asalin Kwango mai ciwon sikila, wadda aka cire mata nata tana da shekara 13 kafin a yi mata dashen ɓargo, aka mayar mata bayan ta girma, ta haifi namiji a 2014. A ƙasar da sikila ta yi yawa kamar tamu wannan ba labarin nesa ba ne. Amma hanya ce ta wadda aka san haɗarin yana tafe, aka riga shi. Ga wadda ta zo bayan an gama, kamar baiwar Allahn nan, ilimi bai kai ba tukuna, kuma a mafi yawan irinta ba a ma gano dalilin.

Bayan wata shida ta dawo karɓar magani, ta leƙo ɗakin gwaji ta same ni ina jera kwalabe. Ta ce gumin dare ya daina, tana barci, mijinta kuma bai sake ta ba, ƙanensa ya ba ta riƙon 'yarsa. Muka gaisa sosai. Har ta juya za ta tafi, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Anti, jinin nan nawa da kika ɗiba, ya yi muku amfani kuwa?" Na ce mata yana cikin lissafi, kuma duk wanda zai karanta aikin zai ga lambarta ko da bai san sunanta ba. Ta ce in nuna mata inda yake. Na sa safar hannu, na buɗe firiza, na ciro akwatin, na nuna mata 'yar kwalbar a layi na uku, raɓa ta daskare a murfinta. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce in mayar kada ya narke.